Abin da Dalar Gyaɗa Take Jira

Daga watan Oktoba zuwa ƙarshen shekara, hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Bici ta nufi Kano ba ta hutawa. Ƙananan motoci na kwaso buhunan riɗi da wake da gyaɗa da dawa daga kasuwannin ƙauye, manyan motoci na jiran su a Dawanau, 'yan dako na sauke wannan suna loda wancan. A irin wannan lokaci, idan ana son a yabi ɗan kasuwa, akan ce sitonsa ya cika har ba wurin sa ƙafa. Yabon ya daɗe a bakin mutane, kuma yana da tushe: wanda ya tashi a ƙasar da ake auna rufin asirin gida da cikar rumbu ba zai ga tarin buhu ya ji komai ba sai daɗi. Gwamnati ma ta san da haka. A watan Janairun 2022 an jera dalar shinkafa a Abuja, Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da ita, aka yi ta ɗaukar hoto ana tuna wa jama'a dalar gyaɗar Kano.

Sai dai rumbu daban, sito daban. Hatsin da ke cikin rumbu ya riga ya isa inda za shi, wato gidan da za a ci shi. Buhun da ke siton ɗan kasuwa ko na masana'anta kuwa matafiyi ne da bai kai masauki ba. Akwai wanda ya saye shi ko zai saye shi, akwai kuma ranar da aka yi alkawarin kai shi, kuma duk kwanan da ya ƙara a ƙasa wani ne ke biya. Da wannan idon ya kamata a sake duban dalar gyaɗa, domin an daɗe ana yi mata karatun baibai, kuma karatun nan har yau yana shafar yadda ake gina sito da ma'aikatu a Kano da kewayenta.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulki auduga suka sa wa rai, domin masaƙun Ingila, amma manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi musu: tana biyan haraji, ana iya cin ta idan shekara ta yi tsanani, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Attajiran da suka goge a fataucin goro suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta kai kusan tan 19,000, alhali shekaru biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan tashi a littafin da ya wallafa a 1978.

Jirgin ƙasa bai shirya wa irin wannan ambaliya ba. Taragu ba su isa ba, layin ƙwaya ɗaya ne, kuma kafin a kammala gadar Jebba sai an ɗora taragun a jirgin ruwa an ƙetarar da su kogin Kwara. Ko bayan da aka gyara waɗannan, matsala ɗaya ta tsaya daram: gyaɗa tana shigowa ne cikin 'yan watannin kaka da hunturu, jirgi kuwa yana kwasar ta kaɗan-kaɗan a tsawon shekara, a tafiyar da ta haura kilomita 1,100 zuwa bakin teku. Abin da ya shigo bai samu tarago ba dole ya zauna a wani wuri. A nan aka yi dabara, wadda akan danganta ta ga Alhaji Alhassan Ɗantata: tun da ranin Kano busasshe ne, ba sai an gina rufi ba, a jera buhunan a fili, gindi da faɗi, kai da tsini, yadda ba za su rushe ba, in damina ta gabato a lulluɓe su da tamfol. Akan ƙiyasta dala guda da buhu har 15,000. Aiki ne na gwaninta, kuma 'yan dakon da suka riƙa hawa da buhu a ka har ƙololuwa sun cancanci a tuna da su fiye da yadda ake yi.

To amma gwanintar ta mece ce? Ta jira ce. Hakan ya fito fili bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Ingila ke cikin ƙarancin man girki, layin dogon Nijeriya kuma ya jigata, kawunan jirgi da taragu sun tsufa. Gyaɗar bana ta riƙa tarar da ta bara a tsaye. Ƙwari suka shiga buhuna suna mayar da ƙwaya gari. A 1948 aka kafa sashen binciken kayan ajiya na Afirka ta Yamma domin kula da ingancin amfanin gonar da ake fitarwa, wanda daga baya ya zama Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya mai hedikwata a Ilori. Kasancewar akwai dala shaida ce cewa manoman Bici da Dawakin Tofa da Gwarzo sun yi aikinsu. Daɗewar dalar a tsaye kuwa shaida ce cewa wani a gaba bai yi nasa ba. Hoto ɗaya ne ya haɗa labaran biyu, mutane suka riƙe na farko suka saki na biyu.

Akwai ƙa'idar lissafi da ke mayar da wannan magana abin da za a iya aunawa. Wani Ba'amurke mai suna John Little ya tabbatar da ita a 1961, kuma ba ta da wuyar faɗi: yawan kayan da ke zaune a wuri daidai yake da abin da ke wucewa ta wurin a kullum, sau kwanakin da kowane kaya ke yi kafin ya fita. A ɗauki misali. Siton da ke fitar da buhu 500 a rana, idan aka ƙirga aka sami buhu 15,000 a cikinsa, to a matsakaici kowane buhu yana kwana 30 a ƙasa. Wanda ya ƙirga buhu ya ƙirga kwanaki, ko ya sani ko bai sani ba. Kwanakin kuma suna da farashi. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Wanda ya ci bashin naira miliyan 100 a kan kashi 30 a shekara ya sayi riɗi, kowace fitowar rana tana cin masa fiye da naira 82,000, tun kafin a zo maganar hayar sito da ladan maigadi da raguwar nauyi da ɓarnar ƙwari. Wanda ba ya taɓa bashi mai ruwa, kamar yawancin attajiran Dawanau na tsohon yayi, shi ma bai tsira ba: jarin da zai juya sau uku a kaka ɗaya ya juya sau ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta ganin inda kwanakin ke zurarewa ita ce a ɗauki ciniki guda a bi shi daga ƙarshe zuwa farko. A ce wani mai fitar da kaya a Kano ya ƙulla da mai saye a Turkiyya ko Japan zai aika masa kwantena biyar na riɗi. Kwantena mai ƙafa 20 na ɗaukar abin da ya kusa tan 19, jimilla tan 95 ke nan. Takardar lamunin banki da aka yi cinikin a kanta tana ɗauke da ranar ƙarshe da kaya zai hau jirgin ruwa. A ce 20 ga Disamba. Mai kaya yakan riƙe wannan rana a ka, ya ga Oktoba ake ciki, ya ce akwai lokaci.

Amma kamfanin jirgi yakan rufe karɓar kaya kwanaki kafin jirgi ya tashi. A ce 15 ga wata. Kafin nan akwai takardun kwastan, da takardar shaidar lafiyar kaya daga hukumar killace amfanin gona, da takardar fitar da kaya da ake buɗewa ta banki, da layin shiga tashar Apapa ko Tin Can. In aka ba su kwana biyar, dole tirela ta kasance a Legas ranar 10. Hanyar Kano zuwa Legas ta kai kilomita dubu, da shingaye da ramuka da lalacewar mota. Mai hankali zai ba ta kwana biyar, wato a tashi ranar 5 ga Disamba. Kafin lodi akwai turara kaya da maganin ƙwari a ƙarƙashin tamfol, aikin da ke son kamar mako guda domin hayaƙin ya ratsa buhuna ya kashe har ƙwai. An dawo 28 ga Nuwamba. Kafin wannan akwai injin da ke tankaɗe riɗin yana cire yashi da tsakuwa da ƙaiƙayi. Idan tan 15 yake gamawa a rana, tan 95 zai ci kwana bakwai, in wuta ta tsaya. An dawo 21 ga Nuwamba. Sai kuma sayen ɗanyen kayan, inda wanda ke zaune a ofis ya fi yin kuskure. Kasuwar ƙauye ba kullum take ci ba. Yawanci mako-mako ce. Wakilin da kuɗi bai isa hannunsa ba ran kasuwa, ba kwana ɗaya ya rasa ba, bakwai ya rasa. Tan 95 kuma ba a kasuwa ɗaya ko a ci ɗaya ake haɗa shi ba. In aka ba saye zagaye uku na kasuwanni, an dawo farkon Nuwamba.

Lambobin nan misali ne, kowane ciniki da nasa. Abin da ba ya canzawa shi ne sifar lissafin: wa'adin da aka rubuta 20 ga Disamba a takarda, a kasuwannin ƙasar Bici 1 ga Nuwamba yake nufi. Hausawa sun daɗe da faɗin cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya rage shi ne a rubuta ranar da ya kamata a fafe shi.

Idan aka makara kuwa, ba a iya roƙon jirgin ruwa ya jira, ba a iya gajarta hanyar Legas. Abin da akan yanke shi ne matakin da ido ba ya gani: a buɗe tamfol bayan kwana uku maimakon bakwai, ko a zuba maganin da bai dace da abinci ba don a huta da jira. Sakamakon ba ya tsayawa kan mai kaya ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, kuma hukuncin ya faɗa kan wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Lissafin baya-baya yana nuna wani abu kuma. A cikin jerin matakan nan, kullum akwai guda ɗaya da ya fi sauran ƙunci, kuma shi ke yanke saurin tafiyar gaba ɗaya. Wanda ya san ƙofofin ganuwar Kano kafin a faɗaɗa su ya san hoton: komai faɗin hanya a waje, jakuna masu kaya ɗaya bayan ɗaya suke shiga. Eliyahu Goldratt ya gina wata makaranta ta tafiyar da masana'antu a kan wannan tunani a littafinsa The Goal na 1984, amma kowane sarkin 'yan dako ya san shi a aikace. Idan injin tankaɗe tan 15 yake iyawa a rana, hayar sito na biyu ba za ta kai ko buhu ɗaya Legas da wuri ba; sai dai ta ƙara girman tarin da ke jiran injin. Kuɗin da aka kashe a kan siton, da janareto aka saya wa injin, ko aka ɗauki ma'aikatan dare, da an rage kwanaki. Ƙaramar ƙofar kuma ba ta zama wuri ɗaya. A Nuwamba tana iya zama injin, a Disamba ta koma ƙarancin tirela lokacin da kowa ke neman mota, wani lokaci ta koma ƙofar tasha. Shi ya sa ba a gano ta sau ɗaya a huta. Alamarta dai ba ta ɓuya: inda kaya ya fi taruwa, ƙofar tana gaba da wurin da taki ɗaya.

Akwai kuma gazawa mai fuska ta biyu, inda injin ne ke jiran kaya. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, kudu da Kano, wadda aka gina don ta sarrafa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana. Ba ta daɗe da fara aiki ba ta tsaya, a shekarar da tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a arewa. An sake buɗe ta a 2019, ƙarancin ɗanyen kaya ya ci gaba da damun ta. Annobar tsutsa ƙaddara ce, amma ko babu ita akwai tambayar da kowace irin wannan masana'anta za ta fuskanta. Tumatir ba ya jira kamar gyaɗa. Ba a yin dalarsa. Idan manoma suka dasa a makonni iri ɗaya, zai nuna a makonni iri ɗaya, ya fi ƙarfin inji na ɗan lokaci, sannan ya ɗauke, farashinsa a kasuwa ya tashi, manomi ya ga ya fi masa riba ya loda kwanduna zuwa Legas. A Kalifoniya, inda ake noman tumatirin gwangwani mai yawa, masana'anta da manomi kan ƙulla yarjejeniya tun kafin shuka, a rarraba ranakun dashe gona-gona yadda girbi zai riƙa shigowa a jere gwargwadon cikin inji. Jadawalin masana'antar daga gadon dashe yake farawa. Duk mai tunanin kafa irin wannan aiki kusa da noman ranin madatsar Watari, a maƙwabtan Bici, da wannan takardar ya kamata ya fara kafin ya sayi bulo.

Abin mamakin shi ne, wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar. Yankin da Bici ke ciki, inda gona ke manne da gona kuma ƙasa ba ta samun hutu, yana cikin wuraren da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari tun shekarun 1960, yana neman sanin yadda ƙasa mai rairayi ke ciyar da jama'a mai yawa haka shekara bayan shekara. Babban ɓangaren amsar tsara lokaci ne. Tun da rani ake kai taki gona, da jaki ko amalanke, a zuba shi tsibi-tsibi, domin ranar da ruwan shuka ya sauka ba ranar neman jaki ba ce. Gero ke fara shiga ƙasa da ruwan farko, dawa da gyaɗa su biyo, wake ya shigo daga baya a tsakanin layuka. Haka kuma suke fita: gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar damina, gyaɗa ta biyo, dawa da wake su zo ƙarshe. Magidancin da ke da hannaye biyar a gandunsa ya san hannayen nan su ne ƙaramar ƙofarsa, don haka ba ya barin noman farko da maimai da girbi su faɗo masa a mako guda. Ba ya kiran abin da yake yi da wani suna na boko, amma lissafin baya-baya yake yi daga ranar da ba shi da iko a kanta.

Shi ya sa takin zamanin da ke zuwa a makare ya fi komai ƙona masa rai. Shirin taki na fadar shugaban ƙasa, da aka ƙulla da Maroko a Disamban 2016, ya farfaɗo da ma'aikatun haɗa taki a cikin gida, ya kuma sa farashin buhu naira 5,500 a farkonsa. Amma wasu sinadaran ta teku suke zuwa, sai an sauke su a tasha, an hau da su arewa, an haɗa, an zuba a buhu, an rarraba. A 2022 yaƙin Ukraine ya tare sinadarin fotash da ake sa rai daga Rasha, sai da aka nemo shi daga Kanada. Damina ba ta san da wannan ba. Buhun da ya iso Bici a Agusta, bayan gero ya fitar da kai, buhu ne cikakke a takardar mai rabo, amma a gona ya wuce lokacinsa. Rahoton da ke cewa an raba tan kaza, bai faɗi ranar da ya isa hannun manomi ba, rabin rahoto ne.

Akan ji wasu 'yan boko suna ɗora laifin saɓa wa'adi kan al'ada, har ma kan faɗin in sha Allahu. Wannan gajeren tunani ne. Fiƙihun Malikiyya da aka daɗe ana karantawa a zaurukan Kano ya yi wa cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, sharaɗin sanin awo da siffa da ajali. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma a kan rubuta bashi mai ajali take. Al'ummar da ta gaji wannan ba ta buƙatar a koya mata darajar rana daga waje.

Akwai suka mai nauyi da za a yi wa duk abin da aka faɗa, kuma ta cancanci a saurare ta. Ɗan kasuwar Dawanau zai ce ajiya ita ce sana'arsa: ya saya da kaka lokacin araha, ya sayar da bazara lokacin tsada, kuma da babu irinsa da hatsi ya ƙare a kasuwa tun watan Maris. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Challawa zai ƙara da cewa tsarin Toyota, wanda Taiichi Ohno ya gina a kan kawo kowane kaya daidai lokacin da ake buƙatarsa ba tare da tara shi ba, tsari ne na ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa kuma masu kawo kaya suna kusa da ƙofar ma'aikata. A ƙasar da tirela kan kwana uku a hanya saboda gada ta karye, wanda ba shi da tari a ƙasa injinsa zai tsaya. Dukansu gaskiya suka faɗa. Toyota ma da kanta, bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, ta koma tana tanadin wasu muhimman sassa na watanni.

Amma sukar ta raba ajiya gida biyu ne, ba ta wanke ta duka ba. Akwai ajiyar da aka yi da niyya, wadda mai ita zai iya faɗin nawa ce, don me aka yi ta, da ranar da za ta fita. Akwai kuma tarin da ya taru don mota ba ta zo ba, ko takarda ta maƙale, ko an manta da shi a bayan sabon kaya. Daga waje kamarsu ɗaya, kuma wannan kamannin yana da haɗari. A Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta tsananta, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. Ko wane ne ke da gaskiya a wancan rikici, darasinsa a fili yake: buhu ba ya magana. Siton da ke da littafi mai nuna ranar shigar kowane tari da sunan wanda aka saya wa da ranar fitarsa yana da abin da zai kare kansa da shi a gaban hukuma da gaban jama'a. Wanda ba shi da shi, ko da kayan wani yake riƙe na mako biyu, sai dai ya yi rantsuwa.

Daga nan maganar ta koma kan mutum, domin jadawali ba ya rubuta kansa. A yawancin harkokin kasuwanci na Kano, ranakun alkawari suna cikin kan maigida da wayarsa. Malamin sito yana ƙirga buhu, akawu yana ƙirga kuɗi, babu wanda aikinsa ƙirga kwanaki ne. Ko da akwai yaron da ya gane cewa ranar da Alhaji ya yi wa mai saye alkawari ba za ta yiwu ba, kunya da ladabi kan hana shi faɗi, sai ranar ta wuce kowa ya ga abin da shi ya gani tun makonni uku. Muƙamin da ya ɓace shi ne na mai tsara lokaci, wanda za a tambaya kafin a ɗauki alkawari, kuma aka ba shi izinin cewa, ranka ya daɗe, wannan ranar ba ta fita, ga wadda za ta fita. Izinin ya fi na'ura muhimmanci. Ana sayar da manhajojin kwamfuta masu tsada don wannan aiki, suna kuma da amfani ga babban kamfani, amma zanen da Henry Gantt ya yaɗa tun shekarun 1910, layi-layi na ayyuka a gefen kwanakin wata, allo da alli sun ishe shi. Rubuta ranar shigowa a jikin kowane tari, fitar da tsoho kafin sabo, ba kowane direba sa'ar da zai zo lodi maimakon a tara tirela goma da asuba a kan 'yan dako ashirin: babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar bashin banki. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Bici, da makarantun kimiyya da fasaha na jihar, za su iya yaye matasan da suka iya wannan aiki cikin 'yan watanni, in masu sito suka nuna za su ɗauke su.

Rabon hukuma a cikin lamarin shi ma na lokaci ne kafin ya zama na gini. A Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta ƙaddamar da tsarin Eto a Legas, inda tirela ke neman izini ta intanet ta jira a kira ta, maimakon ta kafa layi a titin Apapa. An yi ta ƙorafin cewa ana cinikin izinin a bayan fage, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa daidai ne: a raba wa motoci lokaci. A Janairun 2023 kuma aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, domin mai fitar da kaya ya kammala takardunsa a Kano ya rufe kwantena tun daga nan. In hakan ya tabbata yadda aka tsara, kwana biyar na takardun Legas a misalin riɗin nan za su ragu ƙwarai. Sauran ya rataya ne a kan jirgin ƙasa, kuma abin da mai riɗi ke buƙata daga jirgin ba gudu ba ne. Jirgin da ke tashi daga Kano kowace Talata ya isa Apapa kowace Asabar, ko da tirela ta fi shi sauri a ranar da ta yi sa'a, ana iya ɗaura alkawari a kansa, a ƙirgo baya daga Asabar ɗin har zuwa ranar da wakili zai tsaya da sikelinsa a kasuwar Badume.